Farin Ɓera da Baƙin Ɓera: Yadda Aka Gane Hanyoyin Garkuwar Jiki

A ƙarshen shekarun 1970, masu bincike a Turai da Ostareliya suka yi ta ganin wani abu da ya ɗaure musu kai. Sukan ɗauki ɓeraye iri biyu, fari da baƙi, su yi musu allurar ƙwayar cuta iri ɗaya, gwargwado ɗaya, a tafin ƙafa ko a gindin wutsiya. Wurin allurar yakan kumbura a jikin kowannensu. Bayan 'yan makonni kumburin baƙin ɓera yakan sace, ya warke sarai, in ma an sake yi masa allurar, cutar ba ta kama shi. Na farin ɓera kuwa sai ya yi ta ƙaruwa, ya zama gyambo, cutar ta ratsa har saifa da hanta, daga bisani ya mutu.

Mai karatu zai ce ai wannan ba wuya, farin ɓera raggo ne, jikinsa ba ya faɗa da cuta. Amma da aka duba jininsa, sai aka tarar ya fi na baƙin ɓera cika da sinadaran yaƙi da cutar. Yana cikin faɗa mutuwa take iske shi. An ɗauki fiye da shekara goma kafin a warware wannan, amsar kuwa ta sake yadda likitoci suke fahimtar garkuwar jikin ɗan adam. Tarihin ya shafe mu, gama cututtukan da aka yi aikin da su na gida ne: zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya, da tsutsar ciki, da gyambon da ƙudan yashi yake kawowa. Wani sashe na labarin ma a Ibadan da Zariya ya faru.

Me ya sa ɓera?

Akwai halittun da ba su iya rayuwa sai a jikin wata halitta, suna ci daga gare ta kamar yadda kauci yake yi a jikin itace. Waɗansu ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu, kamar ƙwayar maleriya. Waɗansu kuwa tsutsotsi ne da ido yake gani. Bari mu kira su duka cima-zaune. Ba shi yiwuwa a sa wa mutum irin waɗannan da gangan, sa'an nan a buɗe saifarsa a ga abin da ya faru. Saboda haka aka juya ga ɓera.

A shekarar 1909 wani Ba'amurke, Clarence Little, ya fara haɗa ɓeraye wa da ƙanwa, 'ya'yansu ma haka, tsara bayan tsara. In an yi haka har tsara 20, dukan ɓerayen gidan sukan zama kamar tagwaye, gadonsu ɗaya. Daga aikinsa aka sami baƙin ɓeran da ake kira C57BL/6. Farin, mai suna BALB/c, asalinsa daga ɓerayen da Halsey Bagg ya fara kiwo a birnin New York ne a 1913. Amfanin wannan kiwo shi ne, abin da aka gani a jikin ɓera ɗaya a Landan, shi za a gani a jikin ɗan'uwansa a Amurka, kowa yana iya gwada maganar wani.

A 1961 kuma Jacques Miller, yana aiki a Landan, ya cire wata 'yar gaɓa da take bayan ƙashin ƙirji daga jariran ɓeraye. Sunanta taimus, a lokacin ba wanda ya san amfaninta. Ɓerayen suka taso ba su iya tsayayya da cuta. Ta haka aka gane cewa a can ne ake horar da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, aka sa musu suna ƙwayoyin T. A cikinsu akwai waɗanda ake kira mataimaka. Su ba su kashe cuta da kansu, aikinsu ba da umarni ne ga sauran, ta wurin sinadaran da suke saki kamar saƙo.

Daga Ibadan zuwa Zariya

A 1965 wani matashin likita daga Ingila, Brian Greenwood, ya zo aiki a asibitin koyarwa na Ibadan. Ya lura cewa akwai cututtukan da ya saba gani a ƙasarsu waɗanda da ƙyar ake samunsu a can, musamman waɗanda garkuwar jiki takan juya ta yaƙi mai ita, kamar wani irin ciwon gaɓoɓi mai lanƙwasa yatsu. A 1968 ya rubuta cewa mai yiwuwa yawan kamuwa da cima-zaune tun ƙuruciya, musamman maleriya, shi yake kwantar da garkuwar jiki.

Wannan zato ne kawai, sai an gwada. Maleriyar mutum ba ta kama ɓera, amma tun 1948 waɗansu masu bincike biyu 'yan Beljiyam, Vincke da Lips, sun sami wata irin maleriya a jikin ɓerayen daji a Katanga ta ƙasar Kwango, daga baya aka sami danginta a waɗansu ƙasashen Afirka. Akwai kuma waɗansu ɓeraye da aka yi kiwonsu a New Zealand, waɗanda garkuwarsu takan lalata musu ƙoda, su mutu da wuri. Greenwood da abokan aikinsa suka sa wa waɗannan maleriyar ɓeraye tun suna ƙanana. A 1970 suka ba da labari cewa ciwon ya lafa, ɓerayen suka fi 'yan'uwansu tsawon rai.

Amma abin da yake kwantar da garkuwa a kan ƙoda yana iya kwantar da ita a inda ake bukatarta. Sa'ad da Greenwood ya koma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, shi da abokansa suka nuna a 1972 cewa yaran da suke kwance da zazzaɓin maleriya ba su amsa allurar rigakafin tetanus yadda masu lafiya suke yi. A 1978 aka ga irin wannan da allurar sanƙarau, raunin kuwa yana daɗewa har wajen wata guda bayan zazzaɓin. An tabbatar ke nan cewa cima-zaune yana taɓa amsar da jiki yake bayarwa har ga waɗansu cututtuka dabam. Abin da ya rage shi ne a san ta wace hanya.

Gyambon ƙafa

Amsar ta fito ne daga wata cuta dabam. A 1903 likitoci biyu, William Leishman da Charles Donovan, kowa a nasa gefen, suka bayyana wata ƙwaya a saifar masu ciwon kala-azar na ƙasar Indiya, aka sa mata suna Leishmania. Wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo da dare, ƙudan yashi, shi yake yaɗa ta. Wani irinta yakan kumbura saifa ya kashe mutum in ba magani. Wani irin, Leishmania major, a fata yake tsayawa, ya yi gyambon da yakan ɗauki watanni kafin ya warke ya bar tabo. Ana samunsa a Gabas ta Tsakiya da ƙasashen Sahel, daga Senegal har Sudan. Shi ne aka yi wa ɓerayenmu biyu allurarsa.

Wayon wannan ƙwaya shi ne, takan shiga ta zauna cikin makrofej, wato babbar ƙwayar garkuwa wadda aikinta haɗiye cuta ne ta narkar da ita. Ɓarawo ya tare a ɗakin mai gadi ke nan. Sinadaran da suke yawo cikin jini, waɗanda ake kira antibodi, ba su iya kaiwa gare ta a can, kome yawansu. Shi ya sa cikar jinin farin ɓera da su ba ta amfane shi da kome ba.

A 1981 James Howard da Foo Liew da abokansu a Ingila suka yi wani gwaji mai ban mamaki. Suka haska wa farin ɓera wani haske mai kashe ƙwayoyin jini, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, gwargwadon da zai raunana garkuwarsa ba tare da ya kashe shi ba, sa'an nan suka sa masa cutar. Sai ya warke. Da aka mayar masa da ƙwayoyin T, ciwo ya dawo. Ashe a cikin masu tsaron nasa akwai waɗanda suke taya cutar.

Hanyoyi biyu

A 1986 Tim Mosmann da Robert Coffman, a wata cibiyar bincike a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, suka raba mataimakan ƙwayoyin T na ɓera ɗaya ɗaya, suka auna saƙon da kowace take saki. Sai suka ga sun kasu biyu. Kashi na fari, Th1, yana sakin saƙon da ake kira intaferon-gama. Na biyu, Th2, yana sakin intalukin-4 da intalukin-5. Kowane kashi kuma yana danne ɗayan, kamar kishiyoyi a gida ɗaya.

A cikin kwalba aka ga wannan, mutane da yawa kuwa suka yi shakka ko haka yake a jiki mai rai. Leishmania ce ta raba gardama. A 1988 Phillip Scott da Alan Sher a Amurka suka nuna cewa in an ɗura wa ɓera ƙwayoyin Th1 yakan tsira, in an ɗura masa Th2 ciwon yakan tsananta. A 1989 Frederick Heinzel da Richard Locksley a San Faransisko suka tarar baƙin ɓera yana sakin intaferon-gama, fari kuwa intalukin-4. A shekarar nan aka toshe intaferon-gama a jikin wani ɓera mai iya warkewa, sai ya kasa warkewa. A 1990 aka toshe intalukin-4 a jikin farin ɓera, sai ya warke. A wannan shekara kuma aka gane dalili: intaferon-gama yana farkar da makrofej ya yi wata guba, naitirik oksaid, wadda take kashe baƙon da yake cikinsa. Intalukin-4 kuwa yana hana wannan.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe. Toshe intalukin-4 yana ceton farin ɓera ne in an yi shi cikin kwanakin farko. In an bari har makonni sun wuce, ba ya amfani. Jiki yakan zaɓi hanyarsa da wuri, in ya miƙa a kanta juyo da shi da wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Farin ɓera bai rasa ƙarfi ba, makamin da ya ɗauka ne bai dace da abokin gābansa ba.

To, mene ne amfanin hanya ta biyu?

In Th2 tana kashe ɓera haka, don me take nan? Tsutsa ce amsa. Tun 1964 Bridget Ogilvie a Landan ta ga cewa dabbobin da suka kamu da tsutsa sukan yi wani irin antibodi na dabam. A 1966 da 1967 aka gano shi sosai a Amurka da Suwidin, aka kira shi IgE, shi ne kuma mai haddasa atishawa da ƙaiƙayi da fuka. A 1968 aka auna jinin yara a Habasha, aka tarar IgE ɗinsu ya ninka na yaran Suwidin sau da yawa, ya kuwa fi yawa ga masu tsutsar ciki. Intalukin-4 ne yake ba da umarnin yin IgE.

Tsutsa ta fi ƙarfin haɗiya. Dabarar jiki ita ce ya kore ta: hanji ya yawaita majina da ruwa, ya yi ta motsi har ta rasa wurin kamawa, sa'an nan a gyara raunin da ta bari. Wannan duka aikin Th2 ne. A 1994 Kathryn Else da Richard Grencis a Manchester suka nuna shi da wata tsutsar hanji mai kama da bulala. Ɓeran da ya bi hanyar Th2 yakan fitar da ita, wanda ya bi Th1 takan zauna masa. Da aka toshe intaferon-gama a jikin mai riƙe ta, sai ya fitar. Farin ɓeran nan da gyambo yake kashewa yana cikin gwanayen korar wannan tsutsa.

Tsargiya ta ƙara haske. Tun 1851 Theodor Bilharz ya ga tsutsarta a Alkahira. Irin da muka fi sani shi ne mai sa fitsarin jini, amma wanda aka fi gwadawa a ɓera shi ne mai taɓa hanji da hanta. A 1991 Edward Pearce da Alan Sher suka ga cewa a makonnin farko jikin ɓera yana karkata ga Th1, amma da tsutsa ta fara ƙwai, wajen mako na shida, sai amsar ta juya gaba ɗaya zuwa Th2. Juyawar ba ta tsaya ga tsutsa kaɗai ba. A 1993 aka nuna cewa ɓera mai tsargiya yakan yi jinkirin kawar da wata ƙwayar bairus da aka sa masa. Wannan ya yi kama da abin da aka gani ga yaran Zariya, ko da yake hanyar maleriya dabam take.

Jiki yakan kewaye kowane ƙwan tsargiya da wani ƙulli na ƙwayoyin garkuwa. Ɓerayen da aka hana musu intalukin-4 suka rame suka mutu da wuri, kamar yadda aka nuna a 1997. Amma a 1999 aka ga cewa wani saƙon Th2, intalukin-13, shi yake sa tabo ya taru a hanta har ta sandare. Amsar da take ceton rai a farkon ciwo, ita take cin hanta in ciwon ya daɗe.

Labarin ya ƙara faɗi

Da yawa sun ɗauka an gama, sai ɓera ya sake ƙaryata su. A 1996 aka sami fararen ɓerayen da ba su iya yin intalukin-4 ko kaɗan, aka sa musu Leishmania, duk da haka ba su warke ba. Ashe akwai waɗansu masu hannu a ciki, musamman wani saƙo mai kwantar da faɗa, intalukin-10, da wani rukuni na ƙwayoyin T masu tsawatarwa.

A 2002 Yasmine Belkaid, haifaffiyar Aljeriya, tare da David Sacks, suka nuna cewa baƙin ɓeran da ya warke bai rabu da cutar ɗungum ba. Masu tsawatarwa sukan bar 'yan ƙwayoyi kaɗan a fata. Da aka kawar da ragowar nan sarai, sai ɓeran ya rasa kāriyarsa, cutar ta sake kama shi. Wannan ya ba da ma'ana ga wata tsohuwar al'ada ta Gabas ta Tsakiya, inda akan ɗebo ruwan gyambo a sa wa yaro a wurin da tufa take rufewa, domin kada ya fito masa a fuska daga baya.

Tsutsotsi ma sun san amfanin masu tsawatarwa. A 2005 Rick Maizels da abokansa a Edinbara suka nuna cewa wata tsutsar hanjin ɓera tana yawaita su, har ɓeran ya daina yin fuka in an shaƙa masa abin da yake tayar da ita. A 2017 suka ware sinadarin da tsutsar take saki, wanda yake kwaikwayon saƙon jiki na kwantar da faɗa. A 2010 kuma ƙungiyoyi uku, a Japan da Ingila da Amurka, suka gano waɗansu ƙwayoyi da suke fara sakin saƙon Th2 tun kafin ƙwayoyin T su shirya. A 2016 aka gane cewa waɗansu ƙwayoyi masu tukku a bangon hanji, waɗanda aka daɗe da ganinsu ba a san aikinsu ba, su ne suke jin zuwan tsutsa su yi kururuwa.

Daga ɓera zuwa mutum

Wani sashe na wannan ilimi ya tabbata ga mutane. A 1991 aka duba fatar masu kuturta, aka tarar waɗanda ciwonsu ya tsaya a 'yan tabo kaɗan suna kan hanyar Th1, waɗanda ya bazu musu kuwa saƙonsu na Th2 ne. A 2000 aka ga cewa yaran Gabon masu tsargiyar fitsari ba su cika nuna alamar borin jini ga ƙurar gida ba, intalukin-10 ɗinsu kuwa yana da yawa. A 2017 aka amince a Amurka da wani magani, dupilumab, mai toshe intalukin-4 da intalukin-13, domin masu ƙaiƙayin fata mai tsanani, daga baya har da masu fuka.

Wani sashe kuwa bai tabbata ba. An gwada ba masu wani ciwon kumburin hanji ƙwan tsutsar alade su sha, da begen ta kwantar musu da garkuwa, amma manyan gwaje-gwaje ba su nuna amfani ba. Kala-azar ma ba ta bi tsarin farin ɓera da baƙi sak ba. Binciken da aka yi a Sudan a 1993 ya nuna intalukin-10 ne yake tafiya tare da tsananin ciwon. Cutar nan ta kashe kimanin mutum 100,000 a yammacin lardin Upper Nile tsakanin 1984 da 1994, lokacin yaƙi, a yankin da yanzu yake cikin Sudan ta Kudu. Tana nan kuma a jihar Gadarif, inda Hausawa da yawa suke zaune. An sha kāre ɓera daga Leishmania da allurai iri iri, amma har yanzu ba allurar rigakafinta da aka amince a yi wa mutane.

Ɗaya daga cikin dalilan ya fito fili a 2016. Masu bincike a jihar Minnesota suka nuna cewa ɓeran ɗakin gwaji, wanda ake tsare shi daga kowace cuta, garkuwarsa ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa. Da aka haɗa shi keji ɗaya da ɓerayen kasuwa masu ɗauke da cututtuka, sai garkuwar waɗanda suka rayu ta koma kama da ta babban mutum. Yaron da ya taso a bakin tafki, wanda ya sha zazzaɓi da tsutsa tun yana goye, jikinsa yana da tarihin da ɓeran keji ba shi da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka daga wannan cewa tsutsa abokiyar zama ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen biliyan 1.5 suna ɗauke da tsutsar ciki, tana kuwa shan jinin yara, tana hana su girma da karatu. Kwantar da garkuwa da take yi, domin kanta take yi. In an zo raba maganin tsutsa ko na tsargiya a makaranta, a bar yara su sha. In zazzaɓi ya kama yaro, a yi masa magani da wuri, a kuma tabbata ya cika alluransa na rigakafi. Masu bincike suna nan suna nazarin sinadaran tsutsa domin su sami magani daga cikinsu ba tare da tsutsar ba. Abin da ɓerayen nan biyu suka koyar shi ne, in an tambayi ko jiki yana faɗa da cuta, sai a ƙara tambaya da wane makami yake faɗan, da kuma wa ya sa shi ya ɗauki wannan makamin.